Kada Tsadar Rayuwa Ta Cinye Mana Har Da Fara'a

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kowa a ƙasar nan ya koma lissafi. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin shekarar 2024 ta ƙare kuma ta tsallake 1,000. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa da bakinta ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, alhali a lokacin buhun shinkafa guda ya fi haka kuɗi. Ko da wasu kayan suka ɗan sauko daga baya, aljihun da ya riga ya huje bai ɗinku ba. Wannan lissafi babu wanda bai iya shi ba, ko yaron da ake aika sayen magi ya san yadda yake jiya da yadda ya koma yau.

Akwai wata asarar da ba a sa ta a lissafi, ita ce kuma ta hana ni sakat. Tsaya a bakin titi da yamma ka kalli fuskokin masu komawa gida. Shiga adaidaita sahu ka ji yadda canjin naira hamsin ke haɗa dattawa biyu cacar baki har da ashar. Gaisuwa ma ta gajarce. Mutumin da a da zai tsaya ya tambaye ka gida da iyali da gajiya da ruwa, yanzu hannu kawai zai ɗaga maka daga nesa ya ƙara sauri, don yana tsoron kada doguwar gaisuwa ta ƙare da roƙo. Tsada ta gama da aljihu, ta gama da tukunya, ga ta yanzu ta juyo kan fara'a, mu kuma mun zuba mata ido kamar hakan dole ne.

A ganina ba dole ba ne. Farin ciki aiki ne da ake tashi a yi kowace rana, kamar sharar tsakar gida: ba a cewa ai an yi jiya, ba a kuma cewa bari a jira iska ta daina kaɗawa tukuna. Kuma aiki ne da muke yi wa juna, da wuya mutum ya iya shi shi kaɗai.

Na san abin da za a ce, domin an sha faɗa mini gaba da gaba: "Malam, mai yunwa kake ce wa ya yi murmushi?" Tambayar tana da nauyi, ba zan kauce mata ba. A farkon 2024 mata masu gurasa sun fito kan titi a Kano saboda fulawa ta gagare su. Magidanta sun koma sayen afafata, ɓarzajjiyar shinkafar da a da masu injin casa kan zubar ko su sayar wa masu kiwon kifi. A watan Agusta matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa, aka rasa rayuka. A Satumba madatsar Alau ta ɓalle, mutanen Maiduguri suka farka cikin dare ruwa ya kai musu iya wuya. A ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato akwai manomin da sai ya biya 'yan bindiga kafin ya girbe gonar da ya gada. Duk wanda ya tsaya gaban waɗannan bayin Allah ya ce musu matsalarsu tunani ce kawai, su sake tunani su ji daɗi, to ya ci mutuncinsu.

Akwai kuma irin wa'azin haƙurin da nake ƙi har cikin raina, wanda ke fitowa daga bakin mai jerin gwanon motoci zuwa kunnen wanda ya tako da ƙafa. A 2003 wata mujallar kimiyya ta Ingila, New Scientist, ta buga sakamakon wani bincike na ƙasashe sama da sittin da ya nuna 'yan Najeriya sun fi kowa cewa suna cikin farin ciki. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ana fakewa da wannan magana, kamar an ba wa masu mulki takardar shaidar cewa ɗan Najeriya ko me ka yi masa zai yi dariya ya wuce. Ba wannan nake kira gare shi ba, Allah ya tsare ni.

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mutumin da baƙin ciki ya gama cinyewa ba ya neman haƙƙinsa. Ba za ka gan shi a taron unguwa ba, ba zai bi layin katin zaɓe ba, ba zai tare kansila ya tambaye shi ina aka kwana kan rijiyar burtsatsen da aka yi alkawari ba. Ya riga ya yanke cewa duk ɗaya ne. Fushin da ya kasa kai wa masu shi kuwa, a gida yake sauke shi: kan matarsa, kan 'ya'yansa, kan almajirin da ya yi bara a ƙofa. Wanda ya sace kuɗin asibitin garinku ba ya asarar ko kwabo idan ka kwana ba ka yi wa 'yarka magana ba. Ita ce ke asara, kai ne kake asara.

Wani ƙanina da ke jan adaidaita sahu ya nuna mini yadda ake yi. Tun asuba yake fita, sai bayan isha'i yake dawowa, wata ran bayan ya cire kuɗin mai da balas ɗin mai mashin abin da ya rage ba ya kai cefanen gobe. Amma yana da wata ɗabi'a. In ya iso gida ba ya faɗawa ciki kai tsaye. Yakan tsaya a zaure, ya ɗebi ruwa a buta ya wanke fuska da ƙafa, ya ɗan numfasa, sannan ya ɗaga murya ya yi sallama kamar wanda ya dawo daga Makka. Aljihunsa ba ya rabo da ƙuli-ƙuli ko alawar naira hamsin. Zai zauna kan tabarma, ƙaramar ta haye cinyarsa, ya ce wa babban ya biya masa inda aka tsaya a Islamiyya. Sai yara sun kwanta sannan shi da matarsa su buɗe maganar kuɗi. Da na yaba masa, cewa ya yi: "Yaya, balas na mai mashin ne, kuɗin mai na gidan mai ne. Fuskar nan kaɗai ce tawa, to me zai sa in bar ta a titi?"

Wannan ba mutum ne marar damuwa ba. Bashi na kansa, kuɗin haya na jiran sa. Abin da ya gane shi ne yaran da ke cikin gidan nan ba su san dala ba, fuskar ubansu suka sani, kuma da ita suke gane ko duniya lafiya take. Yaron da kullum in ya ji sallamar mahaifinsa sai ya nemi wurin ɓuya, ko shinkafa ta dawo naira dubu goma wannan tabon ba zai goge ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙananan al'adun da suke riƙe da mu su ne tsada ta fara kashewa. Ɗauki ciyayya. A unguwar da na tashi, da an idar da magariba za ka ga yara suna giftawa lungu-lungu da kwanuka rufe da faifai, wannan gida ya kai wa wancan tuwo, wancan ya maido da dambu ko ɗanwake, in babu a jefa 'yar daddawa ko kuka a ciki, don ba a mayar da kwano haka nan. Yau gidaje da yawa sun daina, kowa na jin kunyar ƙanƙantar abin da zai zuba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ƙi dainawa. Na ji surukarta tana ce mata, "Iya, abincin nan fa ko mu bai ishe mu ba." Ta ce, "'Yar nan, zuba ko loma uku ce. Ranar da kwano ya daina zuwa, ƙafa ma za ta daina."

Iya ta fi mu ganin nesa. Kwanon nan ba don ƙoshi ake aika shi ba. Da shi unguwa take sanin halin da kowane gida ke ciki ba tare da an tona asirin kowa ba. In kwanon gidan wane ya yi kwana biyu bai fito ba, mata sun gane ba a ɗora tukunya ba, sai a ƙara yawan abin da ake aika musu, babu wanda ya roƙa, babu wanda ya yi gori. Idan muka bar wannan ta mutu saboda kunyar loma uku, mun rufe hanyar da mai sutura yake samun taimako bai zubar da mutuncinsa ba.

Haka ziyara. Zumunta a ƙafa take, amma kuɗin mota ya ɗaure ƙafar. 'Yan'uwanmu na bakin iyaka sun ɗanɗana wannan ninki biyu lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, na Jibiya ya kasa leƙa ɗan'uwansa a Maraɗi, na Illela ya kasa zuwa suna a Ƙonni. Wannan ba laifinmu ba ne. Laifinmu shi ne nauyin da muka ɗora wa kanmu da kanmu. Mace ta ƙi zuwa bikin 'yar ƙanwarta don ba ta da kuɗin anko. Magidanci ya ƙi zuwa barka don ba zai je hannu rabbana ba. To a je hannu rabbana mana! Masu biki su ma su ji tsoron Allah su sassauta: anko kala uku, lefe akwati goma sha, gara sai an ci bashi, duk a wannan marra? Taron da aka ƙirƙira don a yi murna ya zama abin da ke hana mutane barci wata guda kafin ranar. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, mun haddace karin maganar, aiki da ita ne ya gagare mu.

Kakanninmu ba a cikin daula suka rayu ba. Sun ga yunwar 1914 da ake kira Kakalaba, iyayenmu sun ga farin 1973 da ya ƙarar da dabbobi daga nan har Agadas, sun ga na 1984. Amma mutanen nan su ne suka bar mana wasan taubasai, da na jika da kaka, da na Bafulatani da Babarbare, da na Bakano da Bazazzagi, da na Bagobiri da Bayarabe. Su suka ware ranar cika-ciki a tare abokin wasa a karɓi kuɗin shara. Su suka ajiye tashe a tsakiyar azumi, daidai lokacin da jiki ya fara laushi. Duba da kyau: ba su bar dariya ga sa'a ba. Sun yanka mata lokaci, sun naɗa mata mutane, har sun mai da ita haƙƙi, ta yadda ko sarki ne abokin wasansa zai tsokane shi dole ya yi murmushi. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan barkwancin dangi na Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun da duniya ta gada, saboda yadda yake kashe wutar rikici tun ba ta kama ba. Mu da muke da abin a gida, yaranmu da yawa ba su ma san waye abokin wasansu ba.

Addini kuwa bai taɓa cewa ɗaure fuska alamar tsoron Allah ce ba. Manzon Allah (S.A.W.) ya ga abin da ya fi namu. A shekara guda ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib, har ake kiran shekarar da shekarar baƙin ciki. Nana A'isha ta ba da labarin ana ganin jinjirin wata har uku ba a hura wuta a gidajensa ba, sai dabino da ruwa. Duk da haka sahabbai sun shaide shi da yawan murmushi, kuma shi ne ya koyar da cewa murmushinka ga ɗan'uwanka sadaka ne. Ya ce wanda ya wayi gari cikin aminci, da lafiyar jiki, da abincin yininsa, kamar an tattaro masa duniya ne. Abincin yini ya ce, bai ce na shekara ba. Rabin abin da ke hana mu barci ba yunwar yau ba ce, ta watan gobe ce da ba mu ma san ko za mu kai ba.

Ina yawan tsayawa kan addu'ar nan da ya riƙa yi, ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala, da rowa da tsoro, da nauyin bashi da rinjayen mazaje. Wanda ya haɗa waɗannan a addu'a ɗaya ya san yadda suke jan juna: bashi ya haifi damuwa, damuwa ta kwantar da mutum, kwanciya ta ƙara bashi. Bai kuma tsaya ga addu'a kaɗai ba. Ya yi umarni da talbina, wani kunun sha'ir, ga marar lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, ya ce tana sanyaya zuciya, tana rage wani abu na baƙin ciki. Wato mai baƙin ciki a dama masa abu mai ɗumi a kai masa, a zauna kusa da shi. Ya kuma ce ko alƙiyama ce ta zo alhali akwai dashen dabino a hannunka, in ka samu dama ka dasa. Ban san wata magana da ta fi wannan ƙin yarda da yanke ƙauna ba.

Masu bincike na zamani ma nan suka biyo. Jami'ar Harvard ta Amurka ta fara bin rayuwar wasu ɗaruruwan mutane tun 1938, daga samartaka har tsufa, har ta koma kan 'ya'yansu. Abin da ya fi fitowa fili shi ne kyawun alaƙar mutum da na kusa da shi ya fi dukiya da muƙami nuna wanda zai tsufa da lafiya da kwanciyar hankali. Ba sabon labari ba ne a wurin Iya.

Sai waya. Da yawanmu kafin mu yi salati da safe mun riga mun kalli gawa. Bidiyon waɗanda aka harbe, kukan waɗanda aka sace, zagin malamai da juna, duk kafin a karya kumallo, sannan mu yi mamakin yadda muke wuni ƙirji a cushe. Ba na cewa a toshe kunne, dole mu san abin da ake yi wa 'yan'uwanmu. Amma jin labari daban, kallon jini sau ashirin a Facebook da TikTok daban, kuma tura wa mutane hoton gawar ɗan wani ba taimakon mamacin ba ne balle iyayensa. A yanka wa labarai lokaci kamar yadda iyayenmu suke kunna rediyo da safe da yamma su kashe. Sauran lokacin a ba wa mai rai da ke zaune kusa da kai. Majalisar mai shayi da a da ake ɓarkewa da dariya har a ƙware, yanzu mutum shida ne kan benci kowa ya sunkuya kan tafin hannunsa.

Wajibi ne in bambance wani abu. Akwai ɓacin rai, akwai kuma ciwon damuwa, kuma shi ciwo ne kamar hawan jini. Wanda ya yi makonni ba ya barci, abinci ya fita ransa, abin da yake so a da ya daina burge shi, ya ƙaurace wa mutane, har yana cewa gara ya mutu ya huta, wannan ba ƙuli-ƙuli da wasan taubasai ne maganinsa ba. Kada a ce masa imaninsa ne ya yi rauni. Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma Annabin Allah ne. A yi masa addu'a, a kuma kama hannunsa a kai shi asibiti: akwai na Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, amma likitocin wannan fanni a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 'yan ɗaruruwa ne kawai, kullum kuma ficewa suke yi. Wannan haƙƙi ne da ya kamata mu riƙa tambayar gwamnoni a kansa kamar yadda muke tambayar taki. In ba haka ba matasa za su ci gaba da neman sauƙi inda suke nema. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga a 2018 ya gano 'yan Najeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwaya. Yaron da ke shan tiramol ko kodin a kango, sau da yawa abin da yake nema shi ne awa biyu da zuciyarsa za ta yi shiru, kuma bai samu wanda zai zauna ya saurare shi ba.

Ga masu hali kuwa, nauyinku ya fi na kowa, domin ku kuna iya sayen farin cikin wani da kuɗin da ba za ku ji fitarsa ba. Ya zo a hadisi cewa daga ayyukan da Allah ya fi so akwai ka shigar da farin ciki zuciyar ɗan'uwanka, ko ka yaye masa wata damuwa, ko ka biya masa bashi, ko ka kore masa yunwa. Ba sai an jira azumi ba, ba sai an tara mata a rana ana ɗaukar su hoto da ƙullin shinkafa ba. Kowane mai kanti a unguwa yana da littafin bashi, haka mai kemis, haka mai awo. A ciki akwai shafin bazawarar da ta daina bi ta ƙofar shagon don kunya, tana zagayawa ta bayan layi. Je ka da daddare in mutane sun ragu, ka ce a buɗe maka littafin, ka biya shafi ɗaya ko biyu gwargwadon ƙarfinka, ka roƙi mai kantin ya soke, ya aika mata cewa an biya, kada kuma ya faɗi sunanka.